Fensir a Bayan Kunne

Ƙarfe bakwai da kwata na safiyar Laraba wayar caji ofis ta yi ƙara. Wata mata ce, ta ce wani tsoho ya faɗo daga bene a ofishin ba da ƙananan rance, kuma ba ya motsi.

Sufeto bai ƙarasa shayinsa ba. Ya tura kofin gefe, ya ce wa Saje ta ɗauko mota. Saje mace ce mai jiki, marar yawan magana, wadda ta yi shekara shida tana ɗinki kafin ta sa kaki. Shi kuwa Sufeto siriri ne mai ciwon gwiwa, kuma a duniya babu abin da ya tsana kamar matakala.

Ofishin bene ne mai hawa ɗaya, a tsakanin kantin magani da shagon gyaran waya. Kana shiga sai benci biyu na masu jiran layi, sai bango cike da hotunan mata suna murmushi, kowacce a gaban sana'arta. A ƙarƙashin murmushin nan gawar take, a gindin matakala.

Tsoho ne ɗan shekara sittin da ɗoriya, kwance a kan gefen damansa, jini ya bushe a bayan kansa. Mai shara ce ta tarar da shi, ita ce kuma ta buga waya. Dattijuwa ce, tana tsaye riƙe da tsintsiya kamar za a ƙwace mata ita. Ta ce shi ne jami'in tantancewa, wanda ke zaɓar waɗanda za a nema wa rance. Kowa Baba Fensir yake ce masa, don tunda ta san shi ba ta taɓa ganin kunnensa ba fensir ba.

Sufeto ya hau matakalar yana cije leɓe, yana ƙirgawa. Mataki goma sha shida. Hular tsohon tana na goma sha uku. Tabarau ɗinsa a fashe a na tara. Takalmi ɗaya a na biyar.

Ya sauko, ya durƙusa kusa da gawar.

"Saje, zo ki gani. Hula ta tashi, tabarau ya tashi, takalmi ya tashi."

"Fensir bai tashi ba," in ji Saje.

Yana nan a bayan kunnen hagu, an soke shi tsaf kamar yanzu mai shi zai zaro ya yi rubutu. Sufeto ya tambayi mai shara ko ta taɓa gawar. Ta rantse ko mayafi ba ta iya rufa masa ba. Ta matso ta leƙa, sai ta ja da baya, ta ce ai Baba a kunnen dama yake sa fensirinsa.

A aljihun rigarsa suka sami sandar sabulu guda, sabuwa, irin wadda ake yi a gida, an ɗaura mata 'yar takarda da zare. A takardar an rubuta lamba talatin da bakwai da fensir.

Manaja ya iso ƙarfe takwas, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Ya kalli gawar sau ɗaya, ya kalli agogo sau uku. A ofishinsa na sama ya yi wa Sufeto bayanin aikin, da muryar wanda ya saba yi wa baƙi.

Su ba su da kuɗin kansu, in ji shi, 'yan tsakani ne kawai. Masu ƙananan sana'o'i su kawo buƙata, Baba Fensir ya je ya tantance, Mai Hoto ya ɗauki hoto ya rubuta ɗan labari, shi kuma Manaja ya sa hannun ƙarshe. Daga nan a ɗora a shafin intanet. Can a ƙasashen waje, mutane na zaune a ɗakunansu suna duba fuskoki, wadda ta kwanta musu a rai su zuba mata wani abu, har rancenta ya cika. Kowane zango gurbi talatin da shida ake ba ofishin, masu nema kuwa sun fi ɗari biyu.

"Wato shi yake cewa e ko a'a."

"Shi ne, Yallaɓai."

"To yana da maƙiya kenan. Ƙarfe nawa ka bar ofis jiya?"

"Ƙarfe huɗu daidai."

"Ka bar shi a nan?"

"Ya fita tun da rana. Ban sake ganinsa ba."

Da Sufeto ya ajiye sabulun a kan tebur, sai fuskar Manaja ta saki kamar an sauke masa kaya. Ya ce ya san mai shi. Wata Mai Sabulu ce, zango uku tana nema ana ce mata gurbi ya cika. Ranar Litinin ta zo ta tara musu jama'a, ta tsaya a gindin matakalar nan ta nuna Baba da yatsa, ta ce wata rana ba da ƙafarsa zai sauko daga benen nan ba. Mutum goma sha biyu ne a kan benci, duk sun ji.

A waje, a bakin kwata, wani mutum ɗan shekara talatin da biyar yana zaune ya haɗa kai da gwiwa yana kuka. Shi ne Mai Hoto, ɗan ƙanwar mamacin. Tun yana shekara shida tsohon ya ɗauke shi ya riƙe, shi ya samo masa aikin nan. Kukansa na gaske ne, ko makaho zai shaida. Kamara na rataye a wuyansa, ya rufe bakinta da hankici ya ɗaure da roba. Ya ce jiya yini ya yi a ƙauyuka yana ɗaukar hoto, sai bayan faɗuwar rana ya dawo, ya wuce ɗakinsa kai tsaye.

"Ba zan iya shiga in gan shi ba," ya ce. "Kawu ne uwata, shi ne ubana."

Kafin azahar an kawo Mai Sabulu caji ofis. Ba Sufeto ne ya aika ba, Babban Jami'i ne, shugaban caji ofis ɗin, don tun ƙarfe tara wayarsa ke ruri daga manyan da ke saman ofishin rancen. Ya kira Sufeto ya faɗa masa a tsaye: ga barazana a gaban shaidu goma sha biyu, ga sabulunta a aljihun gawa, me kuma ake jira? Gobe Alhamis ƙarfe goma sha biyu a gurfanar da ita a kotu da laifin kisa.

Mace ce 'yar shekara arba'in, baƙa, doguwa, mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku. Abin da Sufeto ya fara gani shi ne hannayenta. Daga yatsu har wuyan hannu duk tabo ne fari-fari, wani ya warke, wani ɗanye. Sodar haɗa sabulu ce ta cinye su.

"Kin ce ba da ƙafarsa zai sauko ba?"

"Na faɗa, Yallaɓai. Bakina ne ya faɗa."

"Yaushe rabonki da shi?"

"Ran Litinin."

Sufeto ya ajiye sabulun a gabanta. Ya ce sabulun nan bai gama bushewa ba, yatsa yana shiga, ba na Litinin ba ne. Ta kalli sabulun, ta kalli bango, sai hawaye ya zubo ba tare da fuskarta ta motsa ba.

Ta ce ƙarya ta yi, tsoro ne. Jiya wajen ƙarfe uku ya zo har gidanta. Ko wurin zama ba ta ba shi ba. Ya tsaya a rana yana kallon tukunyar da take motsawa da guntun katako, ya tambaye ta me za ta saya in ta samu rancen. Ta ce safar hannu, da duron mai, da akwatin yanka. Ya ce ta nuna masa hannunta, ta ƙi. Sai ya ce a sayar masa da sanda ɗaya. Ita a zatonta ba'a ya zo yi mata, don haka ta watsa masa canjinsa a ƙasa. Ya durƙusa ya tsince ɗaya bayan ɗaya, ya yi mata sallama ya tafi.

"Daga nan ina kika je?"

"Ina zan je? Wanda ya ɗora sabulu ba ya barin tukunya."

"Wa zai shaide ki?"

"'Ya'yana. Babbar shekararta tara."

Shaidar da kotu ba za ta ɗauka da nauyi ba kenan, kuma ita ma ta sani. Da za a mai da ita sel, ta tsaya a bakin ƙofa ta roƙi Saje abu ɗaya, a gaya wa maƙwabciyarta ta ɗauke jarkar soda ta sa a sama, ƙaramin yaron ya fara rarrafe.

Sufeto ya bi ta da kallo. Ya sha ganin masu kisa, kuma bai taɓa ganin wanda ya damu da jarka ba. Amma ba a rubuta wannan a rahoto.

Ƙarfe biyu suka koma ofishin rancen. An ɗauke gawar, mai shara ta wanke wurin, amma masu jiran layi ba wanda ya dawo, bencin duk wayam. Hotunan bango ne kawai ke ci gaba da murmushi.

Teburin Baba Fensir yana sama, kusa da taga. Ba kwamfuta, sai abin fiƙe fensir da wata doguwar durowa ta ƙarfe. Da Saje ta ja ta, suka tsaya suna kallo. Kamar ƙaramar kasuwa: cokalin katako, kwalbar man shafawa, takalmin jariri, tabarma 'yar mitsitsiya, kwaɗon ƙofa, ƙullin irin tumatir. Kowanne da 'yar takarda da lamba.

Mai shara ce ta warware musu. Ta ce halin Baba ne. Ba ya yarda da takarda, ba ya yarda da hoto. Sai ya je da ƙafarsa, ya ga sana'a da idonsa, in ta gamsar da shi ya sayi wani abu da kuɗinsa. In bai saya ba, to bai yarda ba. In ya dawo sai ya rubuta kalma biyu da fensir a kusurwar fayil, sannan ya sa hannu da biro.

"Mama, kina nufin in ya sayi abu a hannun mutum..."

"Ya zaɓe shi kenan, ɗana. Ko ruwa ba ya sha a gidan wanda zai hana."

Sufeto ya dubi Saje. Sabulun da Babban Jami'i zai kai kotu a matsayin shaidar kisa, ashe shaidar amincewa ce. To amma lamba talatin da bakwai a ina za ta zauna, alhali gurbi talatin da shida ne?

Suka zazzage durowar suka jera kayan na wannan zangon. Ashirin da bakwai. Suka ɗauko fayilolin daga kabad, su ma ashirin da bakwai, kowanne a kusurwarsa an rubuta da fensir: Na gani. Jerin sunayen da ke manne a jikin kabad ɗin kuwa talatin da shida ne. Fayil tara sun yi ƙafa, kuma babu kayansu a durowa.

Suna shirin sauka mai shara ta miƙo wa Sufeto wani baƙin murfi na roba, faɗinsa kamar bakin kofi. Ta ce a ƙarƙashin benci ta share shi, ta ɗauka na wata kwalba ne. Ya juya shi sau biyu, ya jefa a aljihu.

Fayilolin sun ɓace, amma hotunan suna nan a bango da lambobinsu. Saje ta ciro taran ta jera a kan benci. Duk mata ne, duk teloli, kowacce a zaune a gaban keken ɗinki tana wangale baki.

Saje ta daɗe tana kallo. Sai ta yi wata 'yar dariya da ba daɗi a cikinta.

"Yallaɓai, a cikin matan nan babu wadda ta taɓa ɗinka ko rigar filo."

"Ta ina kika sani?"

"Dubi tayar da ake juyawa da hannu. A dama take zama. Nan duk a hagunsu take. An zaunar da su a bayan keken ne, don fuska ta fito, sunan keken ma ya fito."

Ta nuna masa ƙasa. Igiyar da ke haɗa feda da taya babu ita, ko a hoto ɗaya. Keken da ba igiya, ko ka yini kana taka shi allura ba za ta motsa ba. Sannan ta ɗora yatsa a wuyan keken, inda fenti ya ɓare kamar ƙaramin wata. Ɓarewar nan tana nan a hoto na farko, tana nan a na tara. Labule ne kawai ake canzawa.

Keke ɗaya, mata tara, rance tara. Can a wata ƙasa mutane sun zauna sun ji tausayi, sun zuba kuɗinsu ga telolin da babu su, ita kuma mai ƙonannen hannu ana ce mata gurbi ya cika.

Da suka fito, Sufeto ya tsaya a shagon gyaran waya ya yi tambaya ɗaya. Mai shagon ya ce jiya motar Manaja ta tare masa ƙofa har biyar da rabi, har sai da ya yi tsaki.

Alhamis ƙarfe takwas na safe likita ya bugo. Ya ce faɗuwar ce ta fasa kan, amma akwai abu biyu. A tafin hannun dama akwai sabon shati, kamar an fizge igiya daga hannun mutum. Na biyu, tsohon bai mutu nan take ba. Ya yi kusan awa ɗaya yana numfashi, da an kai shi asibiti mai yiwuwa da ya tashi.

Sufeto ya ajiye wayar a hankali. Saura awa huɗu.

Wannan karon ba a ofishinsa mai sanyi aka yi wa Manaja tambaya ba, a caji ofis ne, a kan kujerar da ƙafarta ɗaya ke rawa. Turaren ma yau bai yi tasiri ba.

"Ƙarfe huɗu ka ce."

"Wajen haka."

"Motarka ta ce biyar da rabi. Wanne zan rubuta?"

Gumi ya karyo masa. Ya ce Baba ya shigo wurinsa ƙarfe biyar da fayil tara a hammata. Tsohon ya bi adireshin uku daga ciki: ɗaya fili ne da ciyawa, ɗaya wurin faci, ɗaya babu layin ma gaba ɗaya. Ya ce a dakatar da taran, a sa Mai Sabulu a gurbin farko da ya buɗe.

"Sa hannunsa ne a kan fayilolin?"

"Nasa ne, ba jabu ba."

"To yaya aka yi?"

Wata biyu da suka wuce an yi wa Baba aikin ido, ya yi mako biyu a kwance da bandeji. Lokacin rufe zango ya matso, sai aka riƙa kai masa fayiloli gida, ana ɗora masa biro a inda zai sa hannu. Ya sa hannu, don ya yarda da mai kawowa. Amma kalmomin fensir ɗin ya ƙi rubutawa, ya ce ba zai ce ya gani ba alhali idonsa a rufe. Da ya warke, kusurwoyin da ba rubutu su ya bi ɗaya bayan ɗaya.

"Kai kuma ka sa naka hannun ba ka duba ba."

"Teloli ne, Yallaɓai. Mace da keken ɗinki awa ɗaya rancenta ya cika. Su can haka suke so. Sabulu kuwa sai ya yi wata ba wanda ya kalla. Ni murna na yi." Ya share goshi. "Tsoron aikina ya sa na ɓoye."

"Ka gwammace a rataye mace a kan aikinka. Wa ke kai masa fayilolin?"

Manaja ya sunkuyar da kai. Ya ce da zai fita, Baba ya roƙe shi ya ba shi zuwa safiya, wai wani nasa ne, shi da kansa zai kawo shi. Ya bar shi a sama yana jira.

Ɗakin Mai Hoto yana bayan wani gidan haya, ƙofarsa a buɗe. Ciki an shafa sabon fenti, ga fitilun ɗaukar hoto biyu masu laima har yanzu a cikin leda, ga labulaye kala-kala a ninke. A kusurwa wani abu ne a rufe da zanin gado. Saje ta yaye. Keken ɗinki ne ba igiya, da ɓarewar fenti a wuya. A ƙarƙashinsa fayiloli goma.

Mai Hoto yana zaune a bakin katifa, da alama haka ya kwana. Bai tashi ba. Sufeto ya ɗauki kamarar, ya kwance robar, ya cire hankicin, ya ciro baƙin murfin daga aljihu ya ɗora. Ya shiga da ɗan sauti, daidai wa daida.

"A ƙauye ka yini, ko?"

"Murfin ya daɗe da ɓata. Ni a ofishin nake aiki, ko'ina zai iya faɗuwa."

"Mama tana share ƙarƙashin bencin kowace safiya. Hoton ƙarshe a kamarar nan ƙarfe biyu ne. Keken fa?"

"Na haya ne. Wannan zamba ce, na yarda. Amma ban taɓa Kawu ba."

Sufeto ya ja kujera ya zauna, gwiwarsa na zogi. Ya ciro fensirin daga ambulan ya ajiye a kan katifar, tsakaninsu. Guntu ne, an ciccije gindinsa.

"Wanda ya jawo faɗuwarsa yana iya zama kowa," ya ce. "Manaja na da dalili, matar ma bakinta ya ja mata. Amma ɓarawo ba ya tsayawa ya tsinci fensir. Maƙiyi ma ba ya yi. Kunnen dama yana ƙasa, sai aka sa masa a na hagu. Wa ya kasa barinsa haka?"

Mai Hoto ya kalli fensirin.

"Tun ina yaro ni nake tsintar masa," ya ce. "In ya sunkuya ɗaura takalmi sai ya faɗi, in ɗauka in mayar masa. Har alawa yake ba ni."

Daga nan maganar ta ɓalle. Shekara huɗu yana son buɗe shagon hoto nasa. Ya nemi rance, Kawu ya ce ba ya tantance jininsa. Kuma ko an ɗora shi, wa zai zaɓi ƙato mai kamara? Shi ne yake rubuta labaran, ya san fuskar da ke sa mutanen can su buɗe jaka. Sai ya ɗauko keke, ya riƙa ba matan unguwa ɗan abin hasafi su zauna su yi murmushi. Niyyarsa in shago ya kama ya mayar, ba wanda zai sani.

Ranar Talata Kawu ya kira shi ofis. Bai yi faɗa ba. Ya ce da safe za su je caji ofis tare, shi zai riƙe masa hannu. Mai Hoto ya wawuri fayilolin ya nufi matakala, tsohon ya kama igiyar kamarar. Mai Hoto ya fizge, tsohon ya gangaro.

"Yana numfashi da ka sauko?"

Mai Hoto ya rufe fuska da tafin hannu.

"Ina tambayarka."

"Yana yi. Idonsa a buɗe. Ya kalle ni." Ya share hawaye. "Na ce in na kira mutane zai faɗa. Na ga fensirin a ƙasa, sai na mayar masa. Na ja ƙofa."

Saje ce ta sa masa ankwa, kuma ba ta sassauta ba.

Sha ɗaya da rabi suka iso caji ofis. Motar kotu har ta juya baki, an fito da Mai Sabulu tana tsaye a baranda tsakanin 'yan sanda biyu. Aka wuce da Mai Hoto ta gabanta. Shi ne ya taɓa ce mata hannayenta ba za su yi kyau a hoto ba, ta ɓoye su a mayafi. Yau shi ya ɓoye fuska. Ƙofar sel ta rufe a bayansa.

Babban Jami'i ya karanta rahoton a tsaye, ya ce a sake ta, ya shige ofis ba tare da ya kalle ta ba.

Sufeto ya kira ta gefe. A cikin fayiloli goman da aka samu, tara na telolin ƙarya ne, na goman nata ne, an haɗa da shi a cikin wawura. Ya buɗe ya nuna mata kusurwar. Ta ce ba ta iya karatu sosai ba, ya karanta mata.

"Na gani. Ta ɓoye hannunta amma na gani. A fara da ita."

Ta tsaya kamar ba ta ji ba. Sufeto ya gaya mata ma'anar sayen sabulun, kamar yadda mai shara ta gaya masa.

"Ashe zaɓata ya zo yi," ta ce a hankali. "Ni kuma na sa shi tsintar canji a ƙasa."

Ta fito da hannayen nan daga mayafi, ta shafa rubutun da ɗan yatsa, a hankali don kada ya goge. Sannan ta tambayi Saje ƙarfe nawa za a kai Baba makwancinsa, da kuma ko za a bar ta ta shiga gidan makokin.